Naushin Iska Ba Aikin Banza Ba Ne: Martani Ga Mai Kushe Atisaye A Gida

Malam, na karanta rubutunka na kwanan baya a kan samarin Mashi da ƙauyukanta da suka tsiri kallon karate da taikwando a waya suna kwaikwaya a tsakar gida. Ka kira abin naushin iska. Ka ce wanda bai taɓa shan bugu ba bai san faɗa ba, ka ce mutumin da ya yini riƙe da hauya ba ya bukatar wani ɗan Koriya ya koya masa yadda ake gumi, sannan ka tsoratar da iyaye cewa ta nan ake fara zama ƙauraye. Alƙalaminka yana da zaƙi, kuma abin da ya sa na kasa yin shiru ke nan. Wani uban za a karanta masa, ya tashi ya tsinke buhun da ɗansa ya rataya a reshen bedi, yana ganin ya yi tarbiyya.

Inda ka yi gaskiya ba zan ja da kai ba. Ba a koyon faɗa a kaɗaice. Sanin tazara tsakaninka da abokin karawa, da karanta kafaɗarsa kafin hannu ya taso, da yadda za ka tsaya da ƙafarka bayan an taɓa maka muƙamuƙi, duk wannan sai da mutum a gabanka, kuma sai da babba a gefe yana gyara maka. Ko sunayen 'yan dambenmu sun isa shaida: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, kowa da ubangidan da ya ɗaura masa zare. Yaron da ya yi wata shida yana shurin iska a bayan ɗaki, ya ɗauka zai iya shiga fili da ɗan Guramada ko ɗan Jamus, turmin farko za a kashe shi, a kaɗa wa wanda ya buge shi kalangu.

Sai dai ka amsa tambayar da ba ita aka yi ba. Iya faɗa daban, lafiyar jiki daban, kuma a duk tsawon rubutunka ka ɗaure su da igiya ɗaya. Zuciya ba ta san ko akwai abokin gaba a gabanka ba. Abin da ta sani shi ne cinyoyi da kafaɗu suna neman jini da gaggawa, sai ta ƙara bugu. Huhu bai san ko naushin ya sauka a kan mutum ko a iska ba, haki ɗaya ne.

Ka gwada da kanka, Malam, ko da minti uku ne, gwargwadon zagaye ɗaya na damben Turawa. Ka tsaya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu a gaban fuska, ka riƙa kai naushi kana matsawa gaba da baya ba tsayawa. Abu na farko da za ka gano shi ne naushi ba aikin hannu kaɗai ba ne. Daga tafin ƙafar baya yake tasowa, ya bi sha-raɓa da cinya, ƙugu ya murɗa, tsokar ciki da ta baya su riƙe gangar jiki, sai a ƙarshe kafaɗa ta saki hannu. Shuri ya fi haka cin ƙarfi, domin duk lokacin da ka ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar ce ke ɗauke da nauyinka gaba ɗaya, ƙananan tsokokin idon sawu da na kwankwaso suna ta kokawar hana ka faɗuwa. Akwai wata tsayuwa da 'yan karate da 'yan kumfu ke yi, a ware ƙafafu a sauke ƙugu kamar mai zaune a sirdi, ba motsi. Mai ganin kansa ƙato ma da wuya ya cika minti biyu a ranar farko cinyoyinsa ba su kama rawa ba. Idan mutum ya jera irin wannan, minti uku aiki minti ɗaya hutu, sau biyar ko shida, ya haɗa abubuwa huɗu da likitoci ke nema a motsa jiki a zama guda: ya wahalar da zuciya da huhu, ya ƙarfafa tsoka, ya miƙe gaɓoɓi, ya horar da daidaiton tsayuwa. Gudu yana ba da na farko. Ɗaga ƙarfe yana ba da na biyu. Wasannin da ke haɗa su duka a filin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba kaɗan ne.

Abin da ke biyo baya idan aka ɗore sananne ne. Zuciya takan ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, don haka bugunta a lokacin hutu yakan ragu. Tsokar da ke aiki tana zuƙar suga daga jini, abin da ya sa ake umartar masu ciwon suga da motsa jiki tare da shan magani. Hawan jini kan ɗan sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ka lissafa: minti 25 bayan sallar asuba, kwana uku a mako, na irin atisayen da ke hana mutum magana sai da haki, ya cika minti 75 ɗin. Ba kuɗin rajista, ba kuɗin mota zuwa Katsina, ba takalmi.

Kuma manyan wannan fanni ba su raina aikin kaɗaici yadda ka raina shi ba. Babban ɓangare na karate kata ne, wato jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai yana faɗa da abokan gaban da babu su. Taikwando ma yana da nasa jerin. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate Tokiyo daga tsibirin Okinawa a 1922, yaro ne mai yawan laulayi, kuma da daddare ya koyi sana'ar a farfajiyar gidan malaminsa, yana maimaita kata ɗaya wata da watanni. Gaskiya ne malamin yana zaune yana kallo. Amma abin da ya gina jikin maimaicin ne, kuma mutumin ya rayu shekara 88. Zakarun damben duniya ma suna naushin inuwarsu a atisaye. Haka 'yan kokawar Nijar. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, har zuwa Issaka Issaka na Doso da ya ɗauki takobin sau shida, kwanakin gasar kaɗan ne a shekara. Sauran watannin fa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjarka da ta fi shiga kunnen mutanenmu ita ce ta noma, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Ka ce Bamashe manomi ne, gumin gona ya ishe shi. Na yarda noman hannu aiki ne mai nauyi, wanda ya yi huɗa da garma a gonar gero ba ya bukatar a gaya masa. Amma damina a wannan yanki namu na kan iyaka wata nawa ce? Daga Yuni zuwa Satumba, a ƙara kaka, a yi girbin gero da dawa, a roro wake, a cire gyaɗa. Daga nan wanda ba shi da fadama kuma bai tafi cin rani ba, sai majalisa da shayi da kallon ƙwallo har ruwa ya sake sauka. Jiki ba ya ajiye ƙarfi a rumbu. Makonni kaɗan na zama sun isa juriya ta fara zubewa, kuma duk manomi ya san ciwon jikin da ake sha a makon farko na noman fari. Sannan aikin hauya gefe ɗaya yake gina mutum. A sunkuye ake yin sa, motsi iri ɗaya daga hantsi zuwa azahar, ga ciwon baya da na ƙugu da ya zama kamar gado a tsakanin manoma. Mai irin wannan aiki shi ya fi kowa bukatar abin da zai miƙe shi, ya buɗe masa kwankwaso, ya murɗa gangar jiki ta ɗaya gefen.

Wannan ma idan mun ɗauka kowa manomi ne. Je ka bakin titin da ya ratsa Mashi tsakanin Katsina da Daura ka ƙirga. Tela yana kan keke tun safe. Mai shago, mai cajin waya, mai POS, ma'aikacin sakatariya, malamin makaranta, direba, ɗan acaɓa da ke yini a zaune a kan babur: waɗannan su wa suka yi musu gumin? Tafiyar da kakanninmu ke yi a ƙafa daga ƙauye zuwa kasuwa yanzu babur ke yin ta, har zuwa masallacin da ke ƙarshen layi wani sai ya tayar da mashin. Binciken da aka sha yi a Najeriya yana nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Da can ana cewa ciwon masu kuɗin birni ne. Duk wanda ke zuwa dubiya a ƙauye ya san wannan zance ya tsufa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko sau ɗaya ba ka ambaci mata ba. Ka ce mai son ƙarfi ya tafi gidan dambe ko filin kokawa. Matar aure fa, ina za ta? Uwayenmu sun yi daka da surfe da niƙa a dutse da jan guga, jikinsu ya ginu ba tare da sun san sunan abin ba. Yau inji ya karɓi niƙa a garuruwa da yawa, mai kura yana kawo ruwa har ƙofa, kuma ba mai fatan a koma wahalar da. Amma ba a maye gurbin motsin da komai ba. Mace a Mashi ba za ta sa wando ta fita gudu a titi ba, kai ma ba za ka bar taka ba. Filin da take da shi ke nan, tsakar gida bayan maigida ya fita, ko ɗakinta. Idan 'yarta ta sakandare ta nuna mata tsayuwa da shuri da miƙa, suka yi minti ashirin suna dariya suna gumi, me aka rasa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Wanda ya ce motsa jiki sai a fili, ya yanke wa rabin gari hukuncin zama.

Dattawa ma haka. Daga shekara 30 tsoka ke fara raguwa sannu a hankali, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan 60. Tsoho ya zame a makewayi ya karye a ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan. Taici, wasan faɗan mutanen Sin da ake yi a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, an gwada shi a jihar Oregon ta Amurka a kan tsofaffi 670 masu shekara 70 zuwa sama, aka wallafa sakamakon a 2018: faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda aka sa miƙa jiki kawai. A aji aka koya musu, amma motsin kansa ba ya bukatar komai sai wurin tsayuwa. Mu ma muna da namu a gargajiyance. Langa da muka yi muna yara, riƙe da ƙafa ɗaya ana ture-ture, horon daidaito ne tsantsa, kuma ba a ɗauko ta daga ko'ina ba.

Yanzu ga inda nake ganin hujjarka ta juya ta sare ka. Ka fifita gidan dambe a kan tsakar gida domin a can ne ake shan bugu na gaske. Ina son dambe. Wasan mahauta ne na kaka da ya zama abin alfaharin Bahaushe, kuma wanda ya taɓa jin Ɗan Anace yana wasa Shago ya san abin da ke sa jini tafasa. Amma in maganar lafiya ake, bugun nan da kake yabo shi ne ɓangaren da ba shi da amfani ko kaɗan ga jiki. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana cutar da ke kama tsofaffin 'yan dambe saboda yawan bugu a ka: tangaɗi, rawar hannu, nauyin harshe, mantuwa. Hannun da aka naɗe da zare ya yi tauri bai fi safar dambe sauƙi a kan ƙwaƙwalwa ba. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta damben da ake yi a fagagen gasa saboda cutarwar da ke cikinsa, ta kuma halatta kokawar motsa jiki da ba cutarwa. Hanin dukan fuska kuwa yana cikin ingantattun hadisai. To yaron da ke naushin iska ya kwashi gumin, ya kwashi ƙarfin, ya bar bugun kai a inda yake. Ko sunkuyon gaisuwa da wasu malamai ke ƙyama a makarantun karate babu shi a bayan ɗakinsa, don ba wanda zai sunkuya wa. Ta fuskar likita da ta malami, shi ne ya fi ka hujja.

Batun ƙauraye ba zan tsawaita ba. Abin da ke haifar da ƙauraye a Katsina, da 'yan daba a Kano, sananne ne: zaman banza, ƙwaya, da 'yan siyasar da ke raba kuɗi lokacin zaɓe. Makaminsu wuƙa da gora da adda, ba shurin taikwando ba. Na san za ka kawo mini Damagaram, inda gungun samarin unguwar Kara-Kara ke ɗaga ƙarfe suna nuna ƙwanji, kamar yadda Aicha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021. Amma wanda ya kalli fim ɗin ya ga unguwa ce da aka ware tun asali, aka bar 'ya'yanta ba makaranta ba aiki. Ƙarfen ya tarar da matsalar ne a wurin. Ƙasar nan ta Nijar ita ce kuma ta haifi Abdoul Razak Alfaga, wanda ya ciyo lambar azurfa a taikwando a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Yaron da ya ɗora wa kansa tashi da asuba ya yi haki kafin ya tafi makaranta, shi da kansa zai gano sigari da kodin suna cin numfashinsa.

Akwai magana ɗaya a rubutunka da ta fi duk sauran nauyi, amma ka wuce ta a layi biyu: yunwa. A nan ba ni da gardama. Binciken da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi a 2024 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi, a kan yara sama da 2,000 'yan ƙasa da shekara biyar, ya gano cewa a wasu wuraren fiye da kashi 30 cikin ɗari suna fama da tamowa. Gidan da ba a ɗora tukunya ba, rashin kunya ne a je masa da zancen atisaye. Jiki da abinci yake ginuwa, motsi umarni kawai yake ba shi, kuma saurayin da ya karya da ruwan koko zalla in ya matsa wa kansa ramewa zai yi. Sai dai gari ɗaya yana ɗauke da cutar rashi da cutar zama a lokaci guda, wani lokaci a layi ɗaya. Tamowar yaron maƙwabci ba ta sauke hawan jinin mai shago. Kuma wanda ya samu na sawa a baki ba sai ya sayi garin gwangwanin da ake talla a intanet ba. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da fura da nono sun riƙe 'yan kokawa tun kafin a san kanti.

Haɗarin gaske na atisaye a gida yana nan, amma ba wanda ka lissafa ba ne. Buhun da aka cika da yashi zalla yakan daskare ya yi tauri, yaro ya kai masa naushi da hannu tsirara ya gurɗe wuyan hannu ko ya fasa ƙashin yatsa. A cika shi da tsummoki ko garin katako, a naɗe hannu, ko a bar buhun gaba ɗaya a wata ukun farko. Shiga aiki da sanyin jiki ma yana kayar da manya: Burusli da kansa, wanda finafinansa suka sa samarin Kano da Katsina ihu da tsalle a sinima shekaru da dama, ya ji mummunan ciwo a baya a 1970 saboda ya ɗaga ƙarfe bai ɗumama jiki ba, ya yi watanni a kwance. Minti biyar na tsallen igiya ko gudu a wuri ɗaya sun isa. Alkafura da shurin juyi da ake gani a fim ba na mai koyo ba ne, a daɓen siminti kuwa ba na kowa ba ne. Ga zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu: bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a kusa, da azumi kuma a bari sai an sha ruwa. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko mai jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri, ya fara zuwa asibiti a auna jininsa, kuma ya guji tsayuwar da ake riƙe numfashi, domin tana ɗaga jini nan take. Doka mafi girma ita ce kada a gwada a jikin ƙane. Ranar da aka ce mutum biyu za su fuskanci juna, zancenka ya dawo daidai, sai da malami.

Malamin nan shi ya kamata ka nema wa yaran. A cikin tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya, da malaman motsa jiki na makarantun sakandare, da tsofaffin 'yan damben da suka kwance zare, ba za a rasa mutum biyu ko uku a ƙaramar hukuma guda da za su iya duba tsayuwar yaro su ce masa gwiwarka ta shige ciki, sauke kafaɗa, saki numfashi ba. Filin firamare yana nan a banza kowace Asabar da safe. Awa ɗaya a mako ta ishi gyara, sauran kwana shida kowa ya koma gidansu ya maimaita abin da aka nuna masa. Idan ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da hakimi takarda a kan haka, Malam, ka bar mini wurin sa hannu a ƙarƙashin naka.